Takobin da Ya Fi na Asali Kyau

Gidan adana kayan tarihi yana neman kwafin wani tsohon takobi, wanda baƙi za su riƙa ɗagawa su ji nauyinsa, tunda na asalin yana kulle cikin gilashi. Aka ba maƙera biyu aikin, ma'aikaciyar gidan mai kula da takubba kuma aka ce ta tantance ta zaɓi ɗaya. Abin haushi, ɗayansu mahaifinta ne. Ta roƙi shugaban gidan ya cire ta, ya ce to wa ya san takubba in ba ita ba?

Tsohon nata ya zo da kansa. Ya warware bargo, ya ɗora takobin a teburinta, ya ja da baya yana goge hannu a riga. Wannan ne aikinsa na ƙarshe kafin ya rufe maƙera, kuma ya riga ya gaya wa duk unguwa inda za a rataye shi.

Aiki kam ya yi kyau, ba ƙarya. Ƙarfen sumul kamar madubi. Ta ɗora shi a kan yatsa, nauyin ya zauna inda ya kamata. Sai ta bi kwarmin da ke tsakiyarsa da ido, ta ga ya miƙe sambal har tsini.

"Baba, na asalin kwarminsa ya karkace wajen tsini. Ba ka gani ba?"

"Na gani mana, ni makaho ne? Gyarawa na yi. Wanda ya ƙera wancan, Allah ya jiƙansa, bai gama koyo ba."

"Ba gyara aka ce ba, Baba. Kwaikwaya aka ce."

"Da furfurata zan zauna in ƙera karkatacce da gangan?"

Taurin kai ke nan, irin nasa. Mutumin da ko ƙusa ce ta lanƙwashe sai ya mayar da ita wuta, yau an ce ya bi kuskuren wani sau da ƙafa. Takaici ya cika ta, nasa da na aikinta duka.

Takobin ɗaya maƙerin yana gefe, mummuna, ga tabon guduma ko'ina, ga karkacewar a daidai wurinta. Kai ka ce na asalin ne aka wanke.

Shugaban gidan ya leƙo. "Wanne muka ɗauka?"

Da ta nuna na mahaifinta, ba wanda zai taɓa ganewa, sai ita kaɗai. Ta daɗe tana kallon teburin, sannan ta miƙa hannu ta taɓa mummunan.

Tsohon ya naɗe takobinsa a bargon a hankali, ya saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ya ɗan rusuna mata.

"Na gode, ranki ya daɗe," in ji shi, ya fita.