Unguwarmu Ba Ta Cikin Taswira

"Malama, nan ai daji ne," in ji direban motar asibiti, ya miƙo mini wayarsa.

Na duba. Unguwar da aka haife ni, mai gidaje sama da dubu, wani kore ne fetal a taswira, ko layi ɗaya babu.

Ya ce, "Kuna cewa ba ma zuwa. Ina za mu je? Sai mu yi ta bulayi har mara lafiya ya cika."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Ga matar Yaya da tsohon ciki, likita ya ce jininta ya hau, kada a kuskura ta haihu a gida.

Ni ma'aikaciyar safiyo ce. Shekara shida ina zana unguwannin masu hannu da shuni, tamu ko oho. Akwai wata manhaja ta kyauta wadda kowa zai iya ɗauka ya ɗora taswira a intanet, wani ma ya zo ya gyara, ba sai da izinin kowa ba. Na samo hoton da aka ɗauka daga sama, na zana lungunanmu tsaf, na ba kowanne lamba.

*

Inna ta leƙa kwamfutar, ta taɓe baki.

"Layi na Goma Sha Biyu? Ɗan gidan waye?"

"Lungun mai niƙa ne, Inna."

"To ki ce haka mana! Wannan da kika miƙe sambal fa?"

"Ta nan motar za ta shigo."

"Fiffike gare ta? Kwata ta cinye tsakiyarsa tun bara. Rumfar mai walda ce ta rufe ramin, shi ya sa na saman naku bai gani ba. Oh, boko!"

Kunya ta kama ni. Saura ƙiris na tura mai naƙuda cikin rami.

Washegari Inna ta kwance igiyar shanya, muka yanke ta daidai faɗin motar asibiti. Ita ta riƙe baki ɗaya, ni ɗaya, muka bi lungu-lungu. Inda igiya ta wuce in zana, inda ta maƙale Inna ta buɗe murya. Tela ya ja teburinsa baya yana ƙunƙuni. Mai gawayi ta kwashe buhunanta, ta ce a rubuta sunan lungunta da kyau. Kwana tara muka yi, sannan na ɗora taswirar, na tura wa direba.

*

Naƙuda ta tashi ranar Talata da hantsi. Nan take na kira direban. Minti goma sha takwas sai ga jiniya a lungun mai niƙa, mutane suka firfito suna kallo.

Mace aka samu, uwa da ɗiya lafiya.

Da yamma na ɗauki tsintsiya zan share ƙofar gida. Inna ta riƙe mini hannu, idonta a kan sawun taya biyu da suka tsaya daidai bakin ƙofarmu.

"Bar shi tukuna," ta ce.