Kujeru Talatin na Malam Ashafa

"A'a, Zulkiflu, ka wuce. Dawo da ita baya kamar faɗin tafin hannu."

Maigidana ya rungumi sifikar, wadda ta kusa kai shi tsawo, ya ja ta baya yana nishi. Malam Ashafa na zaune a kujerar tsakiya, ƙafafunsa da suka kumbura a kan ɗan akwati, idonsa a rufe. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana sauraron yadda tafin ya mutu a cikin ɗakin.

"Yauwa. Hureira, kawo salatif ki yi alama a ƙasa."

Na durƙusa na liƙa, a raina ina cewa duk wannan wahala saboda kujerun da ba kowa a kansu.

Malam Ashafa maƙwabcinmu ne a Sri Petaling, hawa na tara, bango ɗaya ya raba mu. Shekara talatin ya yi yana aikin sauti a wani gidan rediyo a gida, da ya yi ritaya ya biyo matarsa, Anti Bashira, da ke koyarwa a wata jami'a a nan. Mu da daddawa da kilishi muka zo ƙasar nan, shi kuwa da faya-fayen garmaho ya zo, akwati shida. Goge, gurmi, kalangu, kukuma, har da na Mali da Sudan. Shi da wani abokinsa ɗan ƙasar, Hisham, suka kama ɗaki a saman wani kedai, wato shago, na wankin kaya, suka lulluɓe bangon da soso da katako, suka jera kujeru talatin duk suna fuskantar sifiku biyu. Dokar wurin ba ta da yawa. Ka cire takalmi, ka ajiye waya a kwando, a ba ka shayi, a sa faifai, kuma ba mai cewa uffan sai allura ta kai ƙarshe. Ba giya, ba rawa.

Ranar da ya fara gaya min na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Baba, Bahaushe ne zai yi minti ashirin bai gaisa da na kusa da shi ba?"

Da a nan bakina ya tsaya, da da sauƙi. Amma ni Hureira ban iya ganin abin tsokana in wuce ba. Na ɗauki hoton wurin, da fitilunsa masu duhu-duhu da dogon kanta, na tura a zauren WhatsApp na matan 'yan Najeriya, na rubuta a ƙasa: "Baba Ashafa ya buɗe gidan shaƙatawa, saura rawa." Wasa nake yi. Kafin azahar hoton ya tsallaka zauren maza, kafin la'asar ya isa hannun Malam Abdulbaƙi.

Malam Abdulbaƙi shi ne babbanmu a garin nan. Shekara goma sha biyar yana Cheras, shi ke raɗa wa 'ya'yanmu suna, shi ke wanke mana mamaci. Shi da Malam Ashafa duk Juma'a tare suke cin abinci a wajen mamak, masu sayar da abinci, bayan an sauko daga masallaci. Saƙon murya ya turo, gajere: "Wanda ya buɗe gidan kiɗa, ba ni ba shi. Ko gawarsa ce, a nemi wani."

Ranar da aka buɗe wurin mutum huɗu suka zo: Hisham, da wani tsohon Basine mai gyaran rediyo, da wata ɗaliba da ruwan sama ya koro, da maigidana, wanda ni na tura shi don kunya.

To, yau ga mu muna gyara sifika bayan sati biyu. Da Zulkiflu ya sauka sayo ruwa, Malam Ashafa ya buɗe ido ya dube ni.

"Saura rawa, ko?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Baba, wallahi wasa nake yi."

"Na sani ai. Ni ma na yi dariya." Ya tsaya ya ja numfashi, don a kwanakin nan magana uku sai ya huta. "Kujerun ba su dame ni ba, 'yata. Wurin sauraro ko mutum ɗaya ya zo ya cika. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ba wani gyara kuma. Na san in na mutu mutanen masallacin nan za su yi min komai, mutanen kirki ne. Amma ni hannun da ya san ni nake so ya wanke ni. Abdulbaƙi ya san kafaɗar da ke min ciwo. Ba zai juya ni ta nan ba."

Tsoro ya kama ni, tsoron kada tsohon nan ya tafi da wannan a ransa, kuma ni ce sanadi.

Washegari, bayan na kai 'yata Afnan makaranta, na hau tasi zuwa Cheras. Matar Malam Abdulbaƙi ta shigar da ni falo, na zauna a kan darduma kusa da ƙofa. Shi yana kan kujera, carbi a hannu. Muka gaisa.

"Malam, ni na haddasa duk wannan. Hoton ni na ɗauka, maganar ni na rubuta. Ba rawa a wurin, ba abin sha sai shayi."

"Kin shiga da ƙafarki?"

"Na shiga."

"Ana kiɗa?"

Na so in kewaya, amma ba hanya. "Ana yi."

"To."

"Ba shi da lafiya, Malam. Sosai."

Carbin ya tsaya. Ya juya yana kallon taga, inda jirgin ƙasa na MRT ke wucewa a saman titi. Ni har na fara sa rai. Sai ya ce, "Na ji. Ki gaida Zulkiflu."

Shi ke nan. Na fito ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Da yamma na kai wa Malam Ashafa kunun gyaɗa. Anti Bashira ta riga ta gaya masa inda na je. Ya karɓi kofin bai sha ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba komai, ya wuce. Ya ce yana nan zuwa."

Ya yi murmushi, ya girgiza kai a hankali. "Shekara talatin ina sauraron muryoyin mutane, Hureira. Taki ta hau sama kaɗan wajen 'yana nan zuwa'." Ya kurɓi kunun. "Amma na gode. Kunun ya yi daɗi, ƙaryar ma ba laifi."

Kullum da hantsi, bayan Anti Bashira ta tafi aiki, yakan sa faifai ɗaya a ƙaramin garmahon da ya bari a gida. Ba ya ƙure murya, amma bangon gidajen nan ba ya riƙe sirri. Da farko na yi ta mita, daga baya ya zame min agogo: in goge ya fara, in ɗora wanke-wanke, in ya ƙare, in ɗora shinkafa.

Ranar Laraba gogen ya fara, ya yi tafiyarsa, ya ƙare. Ina ɗauraye tukunya sai na ji wani abu ta bango. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Allura ce ta kai ƙarshen faifai tana ta zagaye. Malam Ashafa bai taɓa barin allura ta yi haka sau biyu ba. Ya taɓa yi wa Zulkiflu faɗa a kan haka kamar ya mari ɗansa. Na ƙirga har goma da kumfa a hannuna, sannan na ɗauki makullin da Anti ta bar mana.

Yana zaune a kujerarsa ta gefen taga, kansa ya ɗan karkata kamar yadda yake yi in yana sauraro. Shayinsa bai gama hucewa ba. Fuskar da ta yi wata biyu tana kokawa da numfashi ta saki, ta yi fes. Ban san dalili ba, amma allurar na fara ɗagawa, a hankali, da yatsa ɗaya, yadda ya koya mana. Sannan na yi salati, na rufe masa ido, na kira Anti. Na yi kuka, amma a ƙarƙashin kukan akwai sauƙi. Ba zai ƙara tsayawa a matakala yana riƙe ƙarfe yana cewa in wuce in bar shi ba.

'Yan sanda suka zo, aka kai shi asibiti, Zulkiflu da Hisham suka bi takardu. Aka sanar a zauren maza. Addu'o'i suka yi ta zubowa, har daga waɗanda suka fi kowa yaɗa hoton. Malam Abdulbaƙi ya karanta, bai rubuta komai ba. Ni kuwa ina zaune kusa da Anti Bashira, ina duba waya ina kifewa.

"Ki bar wayar nan, Maman Afnan," in ji ta. "Hisham ya ce mutanen masallaci sun ce boleh, sun yarda, za su yi masa wanka gobe da safe."

"Ba haka ya so ba, Anti."

"Na sani."

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe. Malam Abdulbaƙi ne, rigarsa ta jiƙe da ruwan sama, a hannunsa baƙar jakar nan da duk ɗan Najeriya a garin nan ya sani, mai sabulu da turare da farin yadi. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

"Wane asibiti aka kai shi?"

Na faɗa masa.

"Na yi niyyar zuwa ranar Juma'a," ya ce. "Na ce in bari in huce tukuna. Ya riga ni." Ya gyara riƙon jakar. "Ki ce wa Dakta Bashira ni zan yi."

"Malam, kafaɗarsa..."

"Ta hagu. Na sani."

Na rufe ƙofa. Na zauna a nan cikin takalman mutane, na yi ta ajiyar zuciya kamar wadda ta sauke tulu.

Aka binne shi ranar Alhamis da hantsi. Sai matsalar wurin zaman makoki ta taso. Mata sun cika falon Anti, masu kula da ginin kuma sun ce ba a taro a baranda. Maza suka yi cirko-cirko a bakin lif. Anti Bashira ta ciro makulli daga jakarta ta miƙo min.

"Akwai kujeru talatin a saman kedai. Ki kai su."

Na zaci Malam Abdulbaƙi zai ƙi. Ya tsaya a ƙasan matakala ya kalli sama, sannan ya hau, sauran suka bi shi. Suka cire takalma. Wani ya ga kwandon a bakin ƙofa ya jefa wayarsa, na bayansa suka ɗauka haka ake yi, suka jefa nasu. Kujerun suka cika, wasu suka zauna a ƙasa. Ni na shige bayan kanta, can ƙarshen ɗaki, ina zuba shayi, don ni kaɗai na san inda kofuna suke.

Ba a sa faifai ba, ba wanda ma ya kalli wajen. Amma ga Hausawa sun fi talatin, kowa da kofin shayi, kowa na fuskantar sifiku biyu, ba mai cewa uffan. Da Baba yana nan da ya rama dariyar da na yi masa.

Malam Abdulbaƙi ya faɗa a kujerar tsakiya, bai san ta wa ce ba. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a ƙasa-ƙasa, don muryarsa ta dushe tun a maƙabarta. A masallaci in ya yi irin wannan murya, sahu na biyu ma sai dai su ce amin da ka. A nan kuwa, ni da ke can bayan kanta, na ji kowane harafi, har da inda numfashinsa ya karye wajen ambaton sunan. Ba amsa-kuwwa, ba ƙarar titi. Shi ma ya ji. Ya dakata a tsakiya, ya dubi bangon dama, ya dubi na hagu, ya dubi rufin. Sannan ya ƙarasa, aka shafa.

"Ashafa ne ya yi wannan bangon?" ya tambayi Hisham.

"Da hannunsa. Wata huɗu."

Ya gyaɗa kai. "Ya san aikinsa." Bai ce ya canza ra'ayi a kan kiɗa ba. Ni dai ya ishe ni.

Kafin magariba kowa ya watse. Hisham ya ce zai ci gaba da buɗewa ranar Asabar, ko mutum ɗaya ne ya zo. Zulkiflu ya sauka da kwandon shara, ni na tsaya wanke kofuna. Da na zo kashe fitila sai na ga wani ya jingina da sifikar dama, ta goce daga alamarta. Na ajiye jakata, na sa kafaɗa na tura ta a hankali, kamar faɗin tafin hannu, har gindinta ya dawo daidai kan salatif.