Takardun Cefanen Inna

Ni ba na zubar da takarda mai farin baya. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu, kuma ban ga abin da zai sa in canza hali don kawai na bar ƙasarmu ba. Ambulan, takardar talla, wasiƙar asibiti, duk wadda aka turo ta ramin ƙofa sai in karanta gabanta, in kife ta a saman firji ta jira ranar cefane.

Cefane kuwa aikin Inna ne, uwar mijina. Ni wanki da guga nake yi a wani otal, fitar safe dawowar yamma. Baban yara direban motar kaya ne, wani lokacin sai mu kwana biyu ba mu sa shi a ido ba. Inna ta dawo wurinmu shekara biyu da suka wuce, bayan rasuwar mijinta, kuma har yau a yaren garin nan ko "zo in kashe ka" ba ta ji. Amma zama wuri ɗaya ba halinta ba ne. Ta ce in aka hana ta fita ƙafafunta za su kumbura. Sai muka samo dabara: in rubuta abin da muke bukata da yaren garin, ita kuma ta ja ɗan kwandonta mai taya zuwa kantin da ke bakin layinmu, ta miƙa wa mai kantin takardar, ya haɗa mata.

Mai Tabarau take ce masa. Shi ma baƙo ne, daga wata ƙasar dabam, dogo, ga saiƙo. Ba ya jin nata, ba ta jin nasa, amma kullum sai ta dawo da labari.

"Yau ƙafarsa ke ciwo," in ji ta.

"Inna, da wane bakin ya gaya miki?"

"Ke dai ba ki da lura. Sai mutum ya yi magana ake sanin ciwonsa?"

Ana nan sai lokacin sabunta takardar zaman Inna ya zo. Na nemi hutun yini ɗaya, muka je ofishin shige da fice, muka karɓi lamba, muka zauna a kan kujerun robar nan da ke manne da juna har ƙugu ya gaji. Da aka kira mu taga ta shida, matar da ke ciki ta duba fasfo, ta duba hotuna, ta duba takardar albashin Baban yara, sannan ta ce saura abu ɗaya. Suna son shaidar cewa Inna a ƙasar ta zauna duk tsawon shekara biyun. Wasiƙu daga asibiti ko wata hukuma, masu sunanta da adireshinmu da kwanan wata, aƙalla ɗaya a kowane wata uku. Na asali, ba kwafi ba. Ta ba mu kwana goma. In ba a kawo ba za a rufe fayil ɗin, Inna ta koma gida ta sake nema daga can.

Na ce to, har da murmushina. Ai Inna mai hawan jini ce, asibiti ba su taɓa barin ta ta huta da wasiƙa ba. Sai da muka shiga bas na tuna inda wasiƙun suka tafi. Takardar asibiti tana da kauri, biro ba ya huda ta, ita na fi so wajen rubutun cefane.

Muna isa gida na hau bincike. Saman firji, ƙarƙashin katifa, jakar takardun makarantar yara, har bayan kabad na leƙa. Wasiƙa biyu na samu, duk na watan jiya. Washegari na biya asibiti, suka ba ni fom, suka ce sake fitar da tsofaffin wasiƙu sai mako shida. Na roƙa, na yi fushi, na sake roƙo. Wanda ke kan teburin ya ce ba laifinsa ba ne, kuma gaskiyarsa.

Ranar da Baban yara ya dawo daga tafiya na bari ya ci abinci ya wanke hannu, sannan na gaya masa. Na so a ce faɗa ya yi, da na samu abin ramawa. Sai kawai ya hau murza makullin mota.

"Duka?" ya ce.

"Duka, sai biyu."

"Albasa kika rubuta a bayan takardun uwata."

"Albasar da ka ci," na ce, don bakina ba ya jiran izinina. Sai kuma kuka ya zo mini.

Abin da ke cina a rai ya wuce takarda. Inna ba ta da kowa a can. An sayar da gidan, 'yan uwanta duk sun riga mu gidan gaskiya. Kuma na san abin da za a faɗa a dangi: matar ɗa ta samu hanyar korar surukarta cikin ruwan sanyi. Wa zai yarda kuskure ne? Ni da nake yanke mata farce duk Juma'a.

Inna ba ta ɗora mini laifi ba, ai da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗakinta da rana tsaka na tarar tana ninke zannuwanta tana jerawa a akwati.

"Inna, me kike yi haka?"

"Iska nake ba su, 'yar nan."

"A cikin akwati ake ba kaya iska?"

Ta ci gaba da ninki. "Abin da Allah ya rubuta ba takarda ce za ta goge shi ba. Ki bar wahalar da kanki, duk kin rame."

Saura kwana biyu wa'adin ya cika, ranar cefane ta zagayo. Ko da tashin hankali ciki ba ya haƙuri. Na ɗauki biro na tsaya gaban firji, hannuna ya ƙi taɓa kowace takarda. Na ce wa Inna yau tare za mu, zan faɗa wa Mai Tabarau abin da muke so da baki. A raina ina cewa wataƙila takardar makon jiya tana cikin kwandon shararsa, ko ɗaya ce a rage. Shekara biyu muna cin kayan kantin nan, ban taɓa taka ƙafata ciki ba.

Kantin ɗan ƙarami ne, buhunan shinkafa a jibge bakin ƙofa, tumatir da albasa a akwatunan katako, firjin madara yana ta gurnani. Mai Tabarau na ganin Inna ya miƙo hannu don karɓar takarda. Ta nuna ni da haɓa.

"Ke ce mai rubutun," ya ce da yaren garin, nasa ma a karye kamar nawa. "Na daɗe ina son ganinki. Bakwai ɗinki da ɗayanki ba su da bambanci. Sau biyu ina ba ta ƙwai ba daidai ba."

Ba ni da ƙarfin wasa. Na tambaye shi, kunya kamar in nutse, ko ya riga ya zubar da sharar makon jiya.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sun nemi shaidar zama ke nan."

Alhali ni ban ambata masa zancen ofis ba. Ya shige bayan kanta, na ji yana ture kaya, sai ga shi da kwalin sabulu ya dire a gabana. Na buɗe. Rubutuna ne ya fara kallona: shinkafa, man girki, ganyen shayi, gishiri. Na juya takardar, ga sunan Inna, ga adireshinmu, ga hatimin asibiti. Na ɗaga ta ƙasa, haka. Ta ƙasanta, haka. Ya ware takardun talla ya zubar, ya bar masu suna kaɗai, a jere wata bi wata, kowace shekara da robarta.

Na zauna a kan buhun shinkafa.

"Tun ranar farko na mayar mata," ya ce. "Ta turo mini. Na sa mata a cikin leda, washegari ta dawo mini da ita har kanti. Na nuna mata sunanta, ta gyaɗa kai ta tafi. Sai na ce bari in ajiye." Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Ni ma na tsaya a gaban tagar nan saboda mahaifiyata. Wata huɗu muka rasa shaidarsu. Wata huɗu kawai. A can ta rasu, ban samu zuwa ba."

Na juya na fassara wa Inna. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ni na zaci so yake ya nuna mini ya iya karatu," ta ce. Sai ta dafa teburin kantin kusa da hannunsa. "Gaya masa daga yau ya samu uwa. Allah ya jiƙan tasa."

Na gaya masa. Ya juya ya hau gyara gwangwanayen madara da ba abin da ya same su.

Ranar wa'adi muka koma taga ta shida da kwalinmu. Matar ta riƙa ɗaukar wasiƙun ɗaya bayan ɗaya tana duba kwanan wata, tana yin alama a fom. Wasiƙa goma sha tara, babu wata ukun da ya wuce babu shaida. Duk wurin ya ɗau ƙamshin sabulu. Da ta zo kifa su a injin kwafi sai ta ga bayansu. Ta tsaya tana karantawa.

"An yi rubutu a kansu," ta ce.

"A baya ne kawai, ranki ya daɗe."

Ta juya wata, ta juya wata. "Gidanku akwai cin albasa," ta ce, ta buga hatimi.

Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. A bas na kwantar da kaina a kafaɗar Inna, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan ɗanta, na yi barci har muka wuce tasharmu.

Bayan mako biyar wasiƙar amincewa ta iso. Baban yara ya karanta sau uku a tsaye, ya sayo jakar takardu mai zif da makulli, ya hau yi mana lacca a kan inda za a riƙa ajiye komai daga yau. Inna ta bari ya gama. Ta zare wasiƙar daga hannunsa, ta ninke, ta sa a bakin zani, ta jawo kwandonta mai taya.

"Inna, ina za ki da ita?" ya ce. "Wannan fa ita ce ta asali."

"Na sani. Wurin yayanka Mai Tabarau zan kai ajiya," ta ce tana neman takalminta. "Ku biyun nan na ga iyakar riƙonku."