Bakan Yankan Soso na Injiniya

Tun ranar da ya tayar da fankar ofishinsu da mari ɗaya ake kiransa Injiniya, shi kuwa bai taɓa musantawa ba. Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen sama ta unguwarsu. Su biyar ne, kowa da muƙaminsa: Shugaba, Mataimaki, Sakatare, Kakaki, shi kuma Daraktan Fasaha. Shekara biyu suna taro a garejin Shugaba, amma ko fiffike ɗaya ba su fitar ba.

Da farin soson nan na cikin kwalin firji ake yin fiffiken, wuƙa kuwa ba ta yanka shi sai dai ta marmashe shi, ya bi ya manne wa mutum a riga da gira. Ƙanin matarsa, mai gyaran dutsen guga, shi ya faɗa masa dabarar: a ɗaure siririyar waya a katako kamar baka, a ba ta wuta kaɗan, in ta ɗau zafi sai ta ratsa soson salin-alin. Ya kuma ja masa kunne a kan ƙarfin wutar. Injiniya ya ce ai dama ya sani, gwada shi yake yi.

Kwana huɗu yana fama. Ya tsige sandar mofar goge daɓe, ya ɓalle ƙafafun wata tsohuwar kujera, ya zare waya daga matacciyar hita, ya ɗame ta da sifirin gado, sannan ya jona da cajar batirin mota. Batun rage wuta kuwa ya ce na matsorata ne.

Ranar gwaji ya kunna kafin Shugaba ya fara jawabi, jawabin kuwa ya ci minti arba'in. Waya ta yi jawur. Da Injiniya ya ɗora ta a kan soson, hayaki ya turnuƙe garejin, Mataimaki ya fita yana tari. Fiffiken ya fito tudu da kwari kamar hanyar da ruwa ya cinye. Shugaba ya jujjuya shi a hannu, ya ce wannan sabon salo ne. Sakatare ya rubuta cewa an samu gagarumar nasara, aka kuma kafa kwamitin da zai binciki halin soson.

Injiniya ya koma gida da bakan a hammata. Matarsa mai yin kek ce, ta daɗe tana neman abin da zai yanka mata soson da take yi wa ado kamar kek ta jera a tagar shago. Ba ta tambayi sandar mofarta ba. Ta kira ƙaninta ya saka maɓallin rage wuta, ta yanka samfuri biyu a falanki, ta kafa su a gefen soson, ta ja wayar a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ya fito sumul.

"Maigida, kawo zanen fiffiken naka," in ji ta. "Kai ka riƙe makunni. In na ce kashe, ka kashe."

Ya riƙe, ya kuma kashe da aka ce ya kashe. A taro na gaba ya shaida wa ƙungiya cewa an yi aikin ne a ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye, wanda a ganinsa ba ƙarya ba ce.

Bayan wata guda suka kai jirgin filin ƙwallo. Ya tashi kuwa, har Injiniya ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Jirgin ya yi kewaye ɗaya, ya ƙi jin umarnin kowa, ya je ya kwanta a kan rufin wani dogon sito. Aka kawo tsani, sai kowannensu ya tuna da ciwon gwiwarsa. Suka daɗe tsaye suna ɗaga kai, har wuya ya gaji. Da yamma Kakaki ya sanar wa unguwa cewa jirgin ƙungiya ya tashi tun hantsi, kuma har yanzu bai taɓa ƙasa ba.