Takin Ga

Mannir bai gaji gona ba, murya Allah ya ba shi. A wani ɗan shago a Gusau yake ɗaukar tallace-tallace, 'yan kasuwa su ɗora lasifika a kan mota, su zaga Tsafe da Bungudu da muryarsa. Da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da gida.

Sai ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayoyin mutane. Ka rubuta, ta karanta maka, ba gajiya ba ciniki. Masu kawo aiki suka zame ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Alhaji Bashar mai taki. Shi ma rannan ya zo yana sosa ƙeya.

"Malam Mannir, ka yi haƙuri. An ba manhajar nan tsofaffin tallace-tallacenka, ta koyi muryarka tsaf."

Ji rashin ta-ido! Muryar mutum ta tafi aiki, mai ita yana zaune a shago yana korar ƙuda.

Abin da ya fi cin ransa Inna ce. Tana Rawayya, idonta ya tafi, hanya kuma ba lafiya, ya daɗe bai leƙa ta ba. Duk ranar kasuwa takan sa a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, ta jira motar taki ta wuce, ta ji ɗanta. Kewarta ta ishe shi, ga kunyar ya ce mata aikin ya ƙare.

Ranar kasuwa da la'asar ƙanwarsa Zuwaira ta kira, ta miƙa wa Inna wayar.

"Mannir, kai na?"

"Ni na, Inna."

"Kano ka koma ba ka hwaɗi mini ba? Motar ta wuce. Muryar taka ta, amma sai cewa take wannan takin yana da kyau. Yaushe ka bar cewa takin ga shina da kyau? Ban ji ɗana ba yau."

Mannir ya dubi makirufonsa da ke rataye a ƙusa.

"Ina nan Gusau, Inna. Ban tai ko'ina ba."

"To yi mini shi yadda ka saba."

Ya gyara zama, ya share ido da hannun riga, ya ja numfashi.

"Manoman Rawayya, ku taho ku gani, takin ga shina da kyau."

"Yawwa," in ji Inna. "Ƙara."