Awa Ɗaya a Gidan Ba Ajimi

Ajimi yana tsaye da cokalin gini a hannu lokacin da aka huda masa bango aka zura bututun esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ji ya yi kamar haƙorinsa ake cirewa. Wata uku ya kwashe yana gina wannan gidan gwaji a bayan unguwar Dala da ke Maiduguri, da bulon laka da ake matsewa a inji, ga bango mai kauri, ga rufi mai tsawo, ga ƙananan kafofin iska can sama. Yau kuma an zo an rataya masa na'ura.

"Injiniya, gidan nan ba ya son wannan abu," in ji shi.

Tahir, mai ƙaramin kamfanin da ya ɗauko aikin, ya share gumi da hularsa. "Ba Ajimi, ka yi haƙuri. Mutanen nan daga Legas suke, kuɗin fansho na dubban ma'aikata ne a hannunsu. In suka ji zafi minti biyar, sun tafi ke nan. Kuma don Allah kada ka ambaci laka a gabansu."

Ajimi ya san abin da ke gabansu. Idan baƙin suka zuba kuɗi, gida ɗari huɗu za a gina wa mutanen da ambaliya ta raba da matsuguninsu, kuma magina arba'in na ƙungiyarsa sun samu aikin shekara biyu. In suka ƙi, kowa ya koma bakin titi jiran mai kiran faci.

Sha biyu da rabi motar baƙin ta iso. Watan Afrilu ne, ranar nan ta Maiduguri da ke sa akuya ta manne da gindin dogon-yaro ta ƙi motsi. Babbansu, Mista Elnathan, ɗan garin Biyu ne da Legas ta riƙe shekara talatin, amma Hausarsa na nan daram. Tare da shi akwai Madam Phebe, wadda aka ce ita ke cewa e ko a'a a kan takarda.

"Wushe, wushe," in ji Ajimi, yana yi musu sannu da Barbarci, ya miƙa hannu biyu.

Suka shiga falo, esi na ta huci, janareto na ruri a bayan gida. Tahir ya shiga zuba bayani ba ko numfashi. Madam Phebe ta ɗaga kai ta dubi na'urar, ta daɗe tana dubanta.

"Injiniya, malamin firamare ne zai sayi gidan nan ko?"

"Shi da irinsa, ranki ya daɗe."

"Wa zai saya masa man janareto? Mun taɓa zuba kuɗi a wasu gidaje, bulon siminti, kwano a kai. Mutane suka shiga, zafi ya koro su, suka koma kwana a waje, daga baya suka watse. Gidan da sai da esi ake zama a cikinsa ba na talaka ba ne." Ta rufe jakarta.

Tahir ya sake share gumi. Mista Elnathan ya duba agogo.

Ran Ajimi ya ɓaci, ɓacin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Wato gidansa ne ake haɗawa da akwatin siminti? Ya fita ba sallama. Jim kaɗan rurin janareto ya tsaya cak. Ya dawo yana goge hannu a rigarsa.

"Ni na kashe," ya ce. "Yallaɓai, gidan nan laka ce. Laka da yashi da ɗan siminti kaɗan. An ce kada in faɗa, to na faɗa. Ku ba ni awa ɗaya kawai, ku zauna."

Tahir ya runtse ido.

"Baba, ai sanyin na'urar ne zai rage a ɗakin," in ji Madam Phebe.

"Gaskiyarki." Ajimi ya bi ƙofofi da tagogi ya wangale su duka, iskar waje ta shigo kamar daga bakin tanda. Sai da ya tabbata sanyin aro ya fice sarai, sannan ya rufe na gefen rana, ya bar ƙofar da ke wajen inuwar wata bishiya a buɗe.

Aka zauna. Minti goman farko, wallahi, Ajimi kansa ya tsorata. Gumi ya tsattsafo wa Mista Elnathan a goshi, Tahir kuwa kamar wanda aka tsamo daga kogi. Daga nan sai ɗakin ya fara lafawa. Zafin ya hau sama ya bi kafofin ya fita, bangon ya riƙe sanyinsa na asuba. Madam Phebe ta tashi ta dafa shi da tafin hannu. Ta fita ta shiga ɗakin maigadi na bulon siminti da ke bakin fili, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta dawo tana fifita da takarda.

Ta zauna kusa da Tahir, ta buɗe jakar, ta rage murya. "Guda nawa mutanensa za su iya gamawa a wata?"

"Ashirin," in ji Ajimi tun kafin Tahir ya buɗe baki. "In an ƙara mana inji ɗaya, ashirin da biyar."

Ta rubuta. Ta juya don ta ji ta bakin shugaban nata. Mista Elnathan ya kwance maɗaurin wuya, ya tuɓe takalma, kansa ya langaɓe a jikin kujera. Har da ɗan minshari.

Tahir ya miƙe a rikice zai taɓa shi. Ajimi ya riƙe masa hannu, ƙirjinsa cike da alfahari.

"Bar shi, Injiniya," ya ce a hankali. "Duba gidan yake yi."