Ruwan Alwalar Inna

Ta tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, ya fito da laka. Ta kama gindin tsiron ta ɗan ja, sai ya biyo hannunta kamar ruɓaɓɓen haƙori. Saiwar ta yi baƙi, tana wari.

Ba ta ji komai ba. Tun da aka rufe mijinta haka take, ko ruwan zafi ya zubo mata sai ta ga wurin ya tashi take sani.

Tsiron ɗan guntu ne mai ƙaya, ganyensa toka-toka, ba abin da mutum zai waiwaya ya kalla. A tsagin wani dutse guda cikin hamada kaɗai yake fitowa, kuma masu fasa dutse sun riga sun mai da dutsen tsakuwa. Na tukunyar nan shi ne ragowar da cibiyar binciken tsirrai, inda take aiki, ta sani. Da rufin ɗakin renon tsirran cibiyar ya fara yoyo, ita da kanta ta ɗauko shi zuwa gida don kada ruwa ya taɓa shi. Shekara da shekaru tana jira ya yi fure ta samu iri. Maigidan har tsokanarta yake yi: "Ɗanki na fari ya ci abinci kuwa?"

Sai ciwo ya kwantar da shi, ta tare a asibiti, mahaifiyarta ta zo riƙe gida.

Inna ta fito baranda da buta a hannu.

"Inna, wa yake ba wannan ruwa?"

"Ni mana. Na same shi ƙasarsa ta bushe ƙamas, abin tausayi. Kullum in na yi alwala sai in juye masa ragowar. Ai shi ma rai gare shi."

"Sau biyar a rana?"

"Har da ta walaha." Inna ta leƙa tukunyar. "Ya mutu ne? Ikon Allah. Kuma fa sai da ya yi fure, 'yar nan. Ƙanana, ja-ja, gwanin sha'awa."

Ta ɗago kai a hankali. "Ina furen?"

"Na tsinke duka na sa a kofi, na ba ƙaninki ya kai wa mijinki tare da abinci. Na ce ko ya ɗan ji sanyi a ransa."

Ta tuna kofin. Koren kofi na roba, kan durowar gefen gado, tsakanin kwalaben magani. Kwana da kwanaki tana zaune kusa da shi, idonta na kan ledar ƙarin ruwa. Bayan maganarsa ta daina fita, maigidan yakan juya kai wajen kofin, ya dube ta, ya sake juyawa. Ita kuwa sai ta ɗauko cokali ta ɗiga masa ruwa a leɓe. Ranar da suka kwashe kayansa, da hannunta ta juye kofin a kwandon shara.

"Ya gani kuwa?" in ji Inna.

"Ya gani, Inna."

"To alhamdu lillahi."

Wayarta ta yi ƙara a ɗaki. Ta san shugaban cibiyar ne, tun jiya yake tambayar yaushe za a mayar da tsiron. Ta bar ta har ta gaji ta yi shiru. Ta mai da tsiron cikin raminsa, ta danna lakar da tafin hannu har ya tsaya da kansa.

Inna ta idar da alwala, ta karkata butar wajen tukunyar don sabo, sai ta tsaya tana kallon 'yarta.

"Zuba kawai, Inna," ta ce.